Warin Fetur a Hanyar Damagaram

Tun da muka dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. Wanda ya kawo mini ɗinki shago sai ya tambaya, in na je majalisa kuwa kafin in gyara zama an fara: "Sanusi, wai me ya sami motar nan taka a hanya?" Kowa da abin da ya ji. Wani ya ji injin ne ya buga, wani ya ji an ƙwace ta a iyaka, har da wanda ya rantse an gan ni a Daura jaki yana ja na. Na gaji da amsa guntu-guntu. Na tambayi Inna ko in rubuta abin yadda ya faru, ta ce in rubuta. To ga shi nan, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta da kansa.

Inna mahaifiyata ce, sunanta Falmata. A Birni aka haife ta, tsohuwar unguwar da ke kewaye da fadar Damagaram, aure ne ya kawo ta Kano. Sana'arta man gyaɗa, kuma duk unguwarmu an san kwalbar Inna ba ta yoyo. Takan yanka leda murabba'i, ta ninka ta, ta shimfiɗa a bakin kwalba ko galan, sannan ta murɗa murfi a kai. Ko ka kifa galan ɗin a bayan babur ba za ka ga ɗigo ba. Jakarta ba ta rabuwa da irin waɗannan ledoji, a cikinsu muka tashi.

Ɗan'uwa ɗaya ya rage mata a duniya, yayanta Kawu Kyari. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu, shi ya aurar da ita. Shekarun nan kunnensa ya yi nauyi, waya ba ta yi masa amfanin komai, sai ka kai bakinka kunnensa na dama kafin ya ji ka. Ɗansa Bukar taubashina ne, bai taɓa kirana bai fara da tsiya ba, ko dai "Bakano matsoracin rairayi" ko wani abin da ya fi wannan. Ranar da na ɗaga waya na ji ya ce, "Sanusi, ina wuni," a hankali kamar baƙo, gabana ya faɗi.

"Baba ne," in ji shi. "Jikin ya yi tsanani, lokotoron asibiti ya ce mu maida shi gida. Ba ya cewa komai sai a kira masa Falmata."

Washegari da sassafe muka tashi. Gwiwoyin Inna ba sa jure matsin motar haya, don haka na fito da motar Baba mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Tsohuwa ce ƙirar Faransa, mai kabureta, ta girmi ƙannena duka, amma ban taɓa jin kunyarta ba. Baba direba ne, kuma abin da ya bar mini na ilimin mota ba shi da yawa: inji abu uku yake so, wuta da mai da iska, in ya ƙi tashi ɗayansu ne babu. Da wannan ɗan karatun nake taƙama a majalisa. Allurar da ke nuna yawan man tankinta ta mutu tun yana raye, shi ya sa na sa aka cika tanki har wuya, mai zuba man yana jijjiga motar don ta ƙara sha. A lissafina la'asar a Birni za ta same mu.

Ba mu fita gari ba Inna ta toshe hanci da mayafi. Tana baya, ƙafafunta a miƙe kan kujera, galan ɗin man da za ta kai tsaraba yana ƙasa kusa da ita.

"Sanusi, man nan zuba yake."

"Murfin tankin ne ya tsufa, Inna. In ya ɗan ragu zai daina."

"Abin da aka saya ya riƙa zuba a titi," ta ce, ta girgiza kai.

A Kazaure na tsaya wajen mai faci ya duba mini tayar baya, Inna ta ce bari ta sauka ta miƙe ƙafa. Muka ci gaba. Warin ya ɗauke, na ce a raina ai na faɗa.

Daura ta kusa sai motar ta yi wani ɗan tari. Na taka totur, ta amsa, ta sake shaƙewa, ta fizga gaba sau biyu, sannan ta yi shiru. Na gangara gefen titi. Na murɗa makulli, kik yana juyawa da ƙarfinsa, batir lafiya lau, amma inji ya ce bai san zancen ba. Na buɗe bonet na yi abin da kowane mai mota yake yi in ya rasa abin yi, wato na tsaya ina kallo. Na taɓa wayoyi, na ƙara matse kan batir, na cire matatar iska na kaɗe ta a gwiwata. Ƙarar carbin Inna kawai nake ji. Da na gaji na koma na murɗa makullin don kawai in rage haushi, sai ta tashi lafiya, kamar ba ita ba.

Bakaniken Daura wani ƙato ne mai dariya, ana ce masa Ila. A gabansa motar ta ƙi yin laifi ko ɗaya. Ya kashe, ya tayar, ya taka, tana ta gurnani lafiya, irin yaron da ya kwana yana zazzaɓi ya je asibiti yana tsalle. Na kwatanta masa abin da ta yi.

"Tana tafiya ta mutu, in ta huta ta tashi?" Ya tafa hannu. "Kwayil ne, Alhaji. In ya yi zafi sai ya daina ba da wuta, in ya huce ya dawo. Na ga irinta ba iyaka."

Maganarsa ta shiga hankali, ni ma da aka tambaye ni abin da zan ce ke nan. Kafin a nemo wani kwayil ɗin a cikin kasuwa a ɗaura, an kira azahar. Bukar ya kira, na ce masa ƙaramin abu ne, mun gyara. Ya ce Kawu ya tambaya ko mun taso.

A Kongolam, ɓangarenmu na iyaka, ba a daɗe da mu ba. Amma muna tsakanin ƙasa da ƙasa, inda ba ka Najeriya ba ka kai Nijar ba, sai ga tarin nan ya dawo. 'Yan canji da ke zaune a ƙarƙashin wata bishiya suka taso suka tura mu har gaban igiyar jandarmomin Ɗan Barto, ina riƙe da sitiyari ina jin kunya kamar an kai ni ƙara.

Nan na fara ganin bambanci. Jandarman da ya zo bai miƙo hannu ya ce takardu ba sai da ya gaida Inna, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Kano, ni kuwa ina ta ƙaiƙayi in ga an gama. Sai ya shiga jero sunayen takardu da Faransanci, ina zaro duk abin da ke cikin jakata ina miƙa masa ya zaɓa da kansa. Abin da ya fi ba ni mamaki Inna ce. Muna ƙetare igiyar nan harshenta ya juye, Hausar da ban taɓa jin ta yi a gidanmu ba ta dawo bakinta, har da gaisuwar Barebari. Ta gaya masa inda za mu da dalilin zuwan. Ya dube ta, ya ninke takardun ya ba ni.

"Ku tafi, Hajiya. Allah ya sa ku iske shi."

Na murɗa makulli ina addu'a kar ta kunyata addu'arsa. Ta tashi.

Layin wayata ya biyo mu ɗan nesa kaɗan sannan ya ɗauke. Daga nan duk kiran da na yi da wayar aro na yi shi, kuma ban roƙi mutum ya hana ni ba. A Kano in baƙo ya ce ka ara masa waya sai ka fara duba ƙafarsa ka ga ko ta gudu ce. A can mutum zai miƙo maka ya juya ya ci gaba da harkarsa.

Wannan karon ta ƙara nisa fiye da na baya, har na fara yarda kwayil ɗin ne, na iyaka kuwa tsautsayi. Sai da muka hango Matamaye ta sake yi. Rana ta karkata, la'asar ɗin da na yi wa Inna alkawari ta same mu a gefen titi cikin gonakin gero. Na tsayar da motar haya biyu. Ta farko mutane har saman kaya, ta biyun direban ya ce akwai rabin kujera a gaba in Hajiya za ta matsa. Na roƙi Inna ta shiga, Bukar ya tare ta a tasha. Ta gwada ɗaga ƙafa, gwiwar ta ƙi. Ta sauke ta, ta gyara mayafi.

"Bar shi ya tafi. Tare muka fito. Ba zan bar ka a daji da motar babanka ba."

Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ji wa, ita ko motar ko kaina. Na zauna a kan bonet har ta huta don kanta, ta tashi, muka lallaɓa muka shiga gari.

Mai garejin Matamaye dattijo ne siriri, Malam Isufu. Sai da muka ɗan sha wahala kafin mu fahimci juna, don abin da nake kira fulogi shi buji yake ce masa, fetur kuma esansi. Amma mutum ne mai bin abu daki-daki. Ya zare wayar fulogi ya kusantar da ita jikin inji, ya ce in murɗa, wuta ta yi tsalle shuɗiya.

"Bon, wuta akwai," ya ce.

Ya duba matatar iska, ya mayar. Sannan ya cire tiyon da ke kai mai kabureta ya sa bakinsa a kwalba, ya ce in sake murɗawa. Man ya zo, amma a wahalce, yana tofowa kaɗan-kaɗan.

"Wala. Ka gani da idonka. Pomp ce ta gaji, famfon mai in ji ku. Tana ja, ba ta da ƙarfi."

Na ji sanyi a raina, don ga ciwo an gani ƙuru-ƙuru. Sai ya ƙara da cewa mai shagon da ke da irin famfon ya tafi ƙauye ɗaurin aure, sai da safe. Na ce ko nawa ne a nemo shi, ya ce ba maganar nawa ba ce, mutumin ba ya nan. Na ce to mu tafi a haka, muna mutuwa muna tashi. Ya dubi Inna, ya dubi rana.

"In ta yi maka fan, ta mutu bayan magariba tsakanin nan da Takeita, da tsohuwa a ciki, wa zai tura ku? Ku kwana gidana. Da safe in sha Allahu kafin hantsi kuna Damagaram."

Na ari wayarsa na kira Bukar. Da na gaya masa sai ya ce, "To. Allah ya kai mu." Ba abin da ya tsaya mini a rai kamar wannan "to" ɗin.

Gidan Malam Isufu ba babba ba ne, amma an karɓe mu kamar an san da zuwanmu. Matarsa ta ja Inna ciki, ni aka yi mini shimfiɗa a zaure. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu, tuwo mai nauyi wanda in ka ci ka san ka ci. Bayan isha'i maƙwabta suka taru ana dafa shayi a ɗan ƙaramin buta, kofi kamar murfin kwalba, kuma ba a tashi sai an zagaya sau uku. Na sha na farko na ce na gode, aka dube ni kamar na yi saɓo, dole na zauna. Kowa ya ba da labarin motar da ta taɓa yi masa irin wannan, kowa da ciwon da ya gano. Ina jin su da kunne ɗaya. Daga cikin gida matar ta aiko a gaya mini Hajiya ba ta taɓa tuwon ba, ruwa kawai ta sha.

Da safe na tarar da Inna a tsakar gida tana tsiyaya wa matar gidan man gyaɗa daga galan ɗinta cikin kwalba, tukwicin masauki. Ta zaro leda daga jaka, ta ninka, ta shimfiɗa, ta murɗa murfi, ta kifa kwalbar ta nuna mata. Matar ta riƙe baki tana cewa ko ɗigo. Aka ba ni burodinsu, dogo kamar sanda, ɓawonsa na yanka dasashi. Na tsoma a shayi na haɗiye a tsaye.

Malam Isufu ya cika alkawari, rana ba ta yi sama ba ya ɗaura famfon. Ya ce a ƙara mata esansin nan ƙasar, don bai yarda da wanda muka zo da shi ba, ya aika a kira mai ruwa-ruwa, wato masu sayar da fetur a kwalabe a bakin hanya. Na bar su suna zubawa, Inna na zaune a mota, na tsallaka wani shago na kira Bukar.

"Ya kwana," in ji shi. "Ya sha kunu kaɗan. Na gaya masa a kunne kuna Matamaye. Ya ce a shimfiɗa wa Falmata tabarma kusa da shi."

Ban gaya wa Inna maganar tabarmar ba, na ce dai ya sha kunu.

Kai, motar nan ta yi gudu a safiyar nan. Tun da Baba ya rasu ban ji muryarta haka ba. Muka wuce Kance ko tari ba ta yi ba. Na riƙa sa wa Malam Isufu albarka a bayyane. Inna ta saki jiki, ta fara kiran sunayen ƙauyuka tun kafin mu iso su, ta ba ni labarin yadda Ya Kyari, haka take kiransa, yake ɗora ta a wuya ranar kasuwa don kar rairayi ya ƙona mata ƙafa. Abu ɗaya ya dame ta, warin fetur ya dawo tun da aka ƙara mai. Na ce ta yi haƙuri, saura kaɗan.

A Takeita, inda hanyarmu ta haɗu da babban titin da ya fito daga Maraɗi, akwai shingen jandarmomi. Na kwashi takardu na nufi rumfarsu, na tarar da layin direbobin manyan motoci. Da na dawo Inna tana tsaye a jikin mota tana gyara ɗaurin zane, na taimaka mata ta shiga.

Mun fara ganin manyan duwatsun nan da ke nuna Damagaram ta kusa, Inna ta ce wancan garin na gaba Tirmini ne, sai na ji tarin. Wallahi da farko na ɗauka kunnena ne. Na taka totur har ƙasa ina cewa a'a, a'a, kamar tana jin magana. Ta fizga, ta shaƙe, ta mutu.

Ban san lokacin da na daki sitiyari ba. Sabon kwayil, sabon famfo, sabon mai. Na fita na buɗe bonet. Na gwada wuta, akwai. Iska, akwai. Na cire tiyo kamar yadda na ga Malam Isufu ya yi, na roƙi Inna ta miƙo hannu ta murɗa makulli, sabon famfon nan bai tofo komai ba sai kumfa. Na jira, na gwada, ta ƙi. Na sake jira. Hantsin da aka yi mana alkawari ya zo ya wuce muna nan. Motocin da suka bi ta kanmu duk a cike suke, wasu ma ba su rage gudu ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na kasa juyawa in dubi fuskar Inna.

Wani dattijo ya zo a amalanken shanu, ya tsaya, ya yi sallama. Ya ce shi mutumin Durum ne, gona za shi. Ya sauko da gorar ruwa ya ba Inna, ya zaro 'yar ƙaramar waya daga aljihu ya ba ni tun kafin in roƙa. Kira na farko Bukar bai ɗauka ba. Na biyu ya ɗauka, ina jin muryoyin mutane a bayansa.

"Kuna ina?"

"Kusa da Tirmini."

"Ku yi sauri, Sanusi." Ya kashe.

Dattijon bai tafi gonarsa ba. Ya ce ba a barin baƙo a hanya, ya tsuguna a inuwar motar yana kallona ina kwance abin da na riga na kwance. Can ya ce, a hankali don kar ya ɓata mini rai, "Ɗana, ni ban san mato ba. Amma ko man ne ya ƙare? In ka so in kai ka wajen mai ruwa-ruwa."

Raina a ɓace yake. Na ce, "Baba, tankin nan cike yake, zo ka gani da idonka." Na zagaya baya, na kama murfin na murɗa. Ya yi tauri kamar ana riƙe da shi daga ciki. Da ya saki sai na ji tankin ya ja iska, fuuu, doguwa, har ƙarfensa ya yi ƙara yana komawa daidai. A bakin tankin kuwa ga leda a shimfiɗe, murabba'i, a ninke yadda na san ninkin tun ina yaro, ta lotsa ciki saboda ja.

Na tsaya da murfin a hannu. A jikinsa akwai wani ɗan rami kamar na allura, wanda ban taɓa kula da shi ba. Duk wanda ya taɓa huda gwangwanin madara ya san in rami ɗaya ne ba ta zuba, sai ka huda na biyu iska ta shiga. Ashe tanki ma haka yake. Ta ramin nan yake shan iska, ta nan ɗin kuma yake ɗan zubar da mai in ya cika. In an toshe shi famfo zai yi ta ja har ya rasa abin ja, motar ta mutu, sai iska ta saci hanya ta shiga kaɗan-kaɗan sannan ta tashi. Ila bai yi ƙarya ba, Malam Isufu ma abin da ya gani ya faɗa. Dukkanmu gaban motar muke dubawa.

Inna ta leƙo ta taga.

"Mayar da ita yadda take, kar ya zube," ta ce. "Ta Kazaure mai ruwa-ruwan nan ya cire ya yar, ko kunya babu. Sai da na sake wata a Takeita."

Ta faɗe shi ne yadda za ta ce ta rufe tukunya don kar ƙuda ya faɗa. Na dube ta, idanunta sun faɗa saboda rashin barci, carbi a hannu.

"To, Inna," na ce.

Na juya mata baya, na dunƙule ledar na sa a aljihu, na mayar da murfin shi kaɗai. Na murɗa makulli, famfon ya ɗan ja, ta tashi. Dattijon Durum ya ɗaga hannu yana cewa ikon Allah, ban ma tsaya na yi masa godiyar kirki ba, abin yana damuna har yau.

Ba ta sake ko tari ba. Ban ga komai na garin Damagaram ba a shigarmu, in kuna son labarin kasuwa da fada ku tambayi wani. Na dai san lungunan Birni ba sa ɗaukar mota, rairayi ne da katangun ƙasa, dole muka ajiye ta a bakin wani lungu. Inna ta sauka ba ta jira hannuna ba. Matar da ta kasa ɗaga ƙafa ta shiga motar haya jiya, ga ta tana tafiya a rairayi ina bin ta da sauri, ba ta tambayi kowa hanya ba.

Muna karya kwanar ƙarshe na ga wasu mutum biyu suna fito da tabarmi suna shimfiɗawa a ƙofar gida. Bukar yana tsaye a bakin zaure. Ya zo ya durƙusa a gaban Inna.

"Yanzun nan, Iya," ya ce. "Ruwan wankan ma bai yi ɗumi ba."

Inna ta ce innalillahi, ta ratsa shi ta shiga, na bi ta. Kawu yana kwance an ja masa mayafi zuwa ƙirji, ga tabarma sabuwa a shimfiɗe a gefensa ba wanda ya zauna a kai. Ta durƙusa a kanta da gwiwoyin nan nata, ta kai bakinta kunnensa na dama.

"Ya Kyari," ta ce da ƙarfi, yadda ake yi masa magana. "Falmata ce. Na zo."

Na fita waje, don ba zan iya ba.

Mun zauna har aka yi sadakar bakwai. Ni a gidan Bukar na sauka a unguwar Kara-Kara, kullum da safe mu taka zuwa Birni zaman makoki. Mutanen can ba sa gajiya da gaisuwa, mutum zai zo da safe ya dawo da yamma ya sake yi maka ta'aziyya kamar bai yi ba. Duk wanda ya ji mun kwana a hanya sai ya tambayi abin da ya sami motar, in ce famfon mai ne, a ce ai tsohuwar mota sai haƙuri. Bukar ma haka na gaya masa. Sai da aka kwana biyu kafin ya iya ce mini Bakano mai motar gado, muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ledar tana aljihuna duk kwanakin nan, na kasa yar da ita. Na ƙudura a raina Inna ba za ta taɓa sani ba.

Ranar komawa na tsaya a gidan mai a bakin gari aka cika tanki. Na biya, na juyo, sai na ga Inna ta sauko tana tsaye a bayan motar, jakarta a buɗe, ta ninka leda tana miƙa hannu wajen murfin.

"Kawo, Inna," na ce da sauri. "Ni zan sa."

Na kama gefen ledar, ba ta saki ba. Ta dubi murfin, ga ɗan danshin mai a gefensa, alamar ba komai a ƙarƙashinsa. Ta dube ni. Inna ba ta san inji ba, amma ta san kwalba, kuma ta san fuskata tun ban san kaina ba.

"Tun Tirmini ba ta sake mutuwa ba," ta ce.

"Ba ta sake ba."

"Ba ka mayar ba ke nan."

Na sunkuyar da kai. Na so in ce famfo ne, na so in ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne ya ƙare, amma ba abin da ya fito. Muka tsaya haka, mai zuba man yana jiran mu matsa. Can ta zare ledar daga hannuna a hankali, ta ƙara ninka ta, ta mayar cikin jaka ta zuge. Ta buɗe ƙofa ta shiga da kanta.

Motar ta kawo mu gida ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Warin fetur ya cika ta tun daga Damagaram har Kano, Inna ba ta toshe hanci ba.